Bernoniya, shukar da ake yin fenti da manta: za ta yi a Damagaram?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Matamaye ne, ina tsaron shagon fenti da kayan famfo a Kasuwar Dole. Mahaifiyata tana cikin ƙungiyar mata masu matsar man gyaɗa, suna da ɗan injinsu. Wani baƙo da ya zo sayen fenti ya ce mini akwai wata shuka ƴar'uwar shuwaka, wai ita bernoniya, da man irinta ake yin fenti da roba, kuma wai tana son ƙasa mai ƙarancin ruwa irin tamu. Gaskiya ne? In gaskiya ne, za mu iya nomawa a gonarmu mu matse da injin su Inna? Wa zai saya? Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amin, Allah ya yi wa kasuwa albarka, ka gaishe da Inna. Baƙon nan bai yi maka ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka. Shukar tana nan, manta kuma yana da wata baiwa da man gyaɗa ba shi da ita. Amma ko za ta nuna a gonar Matamaye, ko injin su Inna zai fitar da man lafiya, ko akwai mai saye, waɗannan maganganu ne dabam, kuma a nan wuyar take. Sai ka san abin da ke cikin man sannan sauran amsar za ta zauna maka, don haka daga nan zan fara.

Abin da ya bambanta man

Duk man da ake matsa daga iri, na gyaɗa ne ko na riɗi ko na angurya, gininsa ɗaya ne: ƙwayar gilisarin guda, riƙe da dogayen sarƙoƙin kabon guda uku da ake kira asid ɗin mai. Yawancin sarƙoƙin kabon 16 ne ko 18 a jere. A wasu gaɓoɓin sarƙar, kabon biyu kan riƙe juna da ɗauri mai riɓi biyu. Asid ɗin linoleyik, wanda ya kai wajen kashi 30 cikin 100 na man gyaɗa, ya kuma haura rabi a man angurya da na waken soya, yana da irin wannan ɗauri a wuri biyu, a kan kabon na 9 da na 12. To, ita bernoniya, yayin da irinta ke ƙosawa, sai ta ɗauki linoleyik ɗin nan ta dasa ƙwayar oksijin guda a kan ɗaurin na biyu, tsakanin kabon na 12 da na 13. Sai a sami ɗan zobe mai kusurwa uku: kabon biyu, oksijin ɗaya. Wannan zobe shi ne efoksi, asid ɗin da ke ɗauke da shi kuwa sunansa bernolik.

Zoben a matse yake, kamar tarkon da aka ɗana: abu kaɗan zai taɓa shi ya fyaɗe ya kama. In ya haɗu da asid, ko da wasu sinadarai masu naitirojin, sai ya buɗe ya damƙe su, ba ya saki. Kai ma kana sayar da wannan aiki a shagonka. Gam ɗin Araldite mai kwalba biyu, ɗaya efoksi ne, ɗaya kuma mai buɗe zoben. Da an cakuɗa su sai ƙwayoyin su sarƙe da juna, abin ya daskare. Efoksin cikin gam daga man fetur ake yinsa, kuma ya fi na man iri saurin kamu nesa ba kusa ba, amma zoben iri ɗaya ne.

A shekarar 1954 ne wani masanin kimiyyar mai ɗan Birtaniya, Frank Gunstone, ya fara gano asid ɗin bernolik, a cikin irin Vernonia anthelmintica, wata shukar Indiya da ake maganin tsutsar ciki da ita. Ma'aikatar noma ta Amurka ta gwada nomanta, ta haƙura, domin irin yana zubewa ƙasa kafin a girbe. Sai a 1964 wani ma'aikacinsu mai nazarin tsirrai, Robert Perdue, ya tarar da Vernonia galamensis a kusa da birnin Harar na Habasha. Ita ce wadda baƙonka yake nufi. Irinta na da mai wajen kashi 40 cikin 100, kuma kashi 70 zuwa 80 na man nan bernolik ne. Shukar ta Afirka ce, tana fitowa da kanta tun daga Senegal har Eritiriya, ta gangara zuwa Zimbabuwe da Mozambik, sai dai launin da ya fi mai, wato nau'in shukar da ya fi mai, shi ne na Habasha. Da ita da shuwakar da ake miya dangi ɗaya ne, amma kada ka je ka tara irin shuwaka da sunan ka samo ta.

Akwai wasu tsirran masu irin wannan mai. Euphorbia lagascae ta ƙasar Sifen, daga dangin tinya da aguwa, tana da bernolik sama da kashi 60. Akwai Stokesia laevis a kudu maso gabashin Amurka, da Crepis palaestina a gabashin tekun Bahar Rum. A nan Afirka ta Yamma, bambami da ke fitowa a bakin rafuka can kudu yana da efoksinsa mai kabon 20. Kai, har man gurguzu, irin yakuwar da ake daudawar batso da shi, da man irin rama, suna da ɗan kaɗan, amma bai taka kara ya karya ba, bai isa a kafa sana'a a kai ba.

Me masana'antu ke yi da shi

Babban mai cin man efoksi a duniya shi ne roba ta PVC, wato abin da aka yi bututun ruwan shagonka da shi, da tiyo, da rigar wayar lantarki, da ledar shimfiɗa a ɗaki. PVC na da ciwo biyu. A kan kansa busasshe ne mai karyewa, sai an zuba masa mai laushi kafin ya lanƙwasu. Sannan fiye da rabin nauyinsa kulorin ne, kuma in ya ji zafin injin narkarwa ko ya daɗe a rana, sai ya fara fitar da asid ɗin haidurokulorik. Mugun abin shi ne asid ɗin da ya fita shi ke ƙara tunzura sauran robar ta ci gaba da ruɓewa. Ka san bututun da aka bari a saman soro ya sha ranar bazara, yadda yake canja launi ya koma yana fashewa da an taka shi. Man efoksi yana maganin ciwon biyu: yana tausasa robar, zobensa kuma yana cafke asid ɗin da zarar ya fito. Shi ya sa ake sa shi har a cikin robar da ke lulluɓe cikin murfin kwalaben abinci. Tarayyar Turai ma ta sa doka kan man efoksin da ake yi daga man waken soya: kada abin da zai tsiyaya cikin abinci ya wuce miligiram 60 a kowane kilo, abincin jarirai kuwa miligiram 30.

Ɓangaren fenti ya fi ba ni sha'awa, kuma a nan bernoniya ta fi nuna kanta. Fentin mai yana da kauri, sai an sirka shi da tina, ko fetur ko kananzir kamar yadda masu fentinmu ke yi, kafin buroshi ya ja shi. Wannan abin sirkin ba ya zama a bango, iska yake bi, shi ne warin da ke sa mai fenti ciwon kai da jiri in ya wuni a ɗaki rufe. Man bernoniya kuwa tsararo ne, ko a sanyin da ruwa ke ƙanƙara yana zuba, don haka yana sirka fenti. Amma ba ya tashi. Da yake har yanzu yana da ɗauri mai riɓi biyu a kabon na 9, ga kuma zoben, sai ya shiga cikin fatar fentin ya bushe tare da ita. Bayan Amurka ta tsaurara dokar tsabtar iska a 1990, aka matsa wa masu fenti su rage abubuwan da ke tashi, binciken wannan mai ya yi kasuwa sosai. An kuma gwada shi a gam, da man shafa wa injuna, da fentin da ake gasawa a jikin ƙarfe.

To me ya hana shi cika duniya? Kishiya gare shi, kuma mai ƙarfi. Masana'antu sun daɗe da iya dasa zoben nan da kansu. Ana ɗaukar man waken soya, a haɗa da haidurojin feroksaid, wato ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi in an sirka shi, da asid irin na cikin binega ko ɗan'uwansa fomik, a riƙe zafin wajen digiri 60, sai ɗaurin mai riɓi biyu su koma zobba. Muna auna darajar irin wannan mai da nauyin oksijin da ke cikin zobban. Na waken soya da aka sarrafa yakan kai kusan kashi 7 cikin 100, na irin Linum, wanda Turawa suka daɗe suna fenti da shi, kusan kashi 9, na bernoniya kuwa yadda Allah ya yi shi wajen kashi 4 ne. Ka ga a wurin mai narka PVC, wanda zobba yake saye, na waken soya ya fi ƙarfi, ga araha, ga shi duniya na matse fiye da tan miliyan 60 na man waken soya a shekara, ba ya yankewa. Inda bernoniya ta fi shi shi ne tsararon jiki, don wanda aka sarrafa kauri yake yi, kuma ita ba ta buƙatar feroksaid da haɗarinsa. Fifiko ne na gaske, amma a lungu ɗaya na kasuwa.

An ma yi ƙoƙarin kauce wa noman shukar gaba ɗaya. A 1998 aka ciro ƙwayar halittar da ke dasa zoben daga Crepis palaestina, a 2002 aka samo ta Euphorbia, aka dasa su cikin wasu tsirrai, ciki har da waken soya, wanda Jami'ar Kentaki ta Amurka ta yi aiki a kai sosai. Abin da tsirran suka tara bai kusanci na bernoniya ba, domin ba yin asid ɗin kaɗai ba ne, sai shuka ta iya kwashe shi ta adana cikin mai kafin ya dame mata ƙwayoyin jiki.

Gonar Matamaye

Maganar cewa tana jure fari gaskiya ce, da sharaɗi. Tana son ƙasa mai tsotse ruwa, ba ta son kwanciyar ruwa a gindinta, tana kuma son rani ya same ta lokacin da iri ke bushewa. Duk wannan muna da shi. Amma jure fari dabam, gajeren zango dabam. Launin Habasha yakan haura wata biyar daga shuka zuwa girbi, wani lokaci da nisa. Daminarmu kuwa wata uku ce da ɗoriya. Ruwan Damagaram wajen milimita 400 ne a shekara, kudu wajen Magarya da Matamaye ya ɗan fi haka. Ga wani abu kuma: shukar ba ta yin fure sai yini ya fara gajarta, yadda maiwa da wake kananado suke yi. A wurinmu wannan na nufin furen zai zo ne daidai ɗaukewar ruwa, a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, iri kuma ya nemi cika a lokacin da jigawa ta riga ta bushe. Harar tana kan tudu ne mai sanyi, ƙasarta na riƙe laima. Tamu yashi ce. In dai launin Habasha ne, ni ban ga yadda zai cika iri a jigawa ba tare da an taimaka masa da ban ruwa ba, kuma fadamar da za a ba shi tana da masu ita: rake, albasa, tumatir, kabeji, waɗanda kuɗinsu ke hannu.

Wannan matsalar tsawon yini ita ta sa masu bincike a jihar Arizona suka auratar da launin Habasha da wani launi mai suna petitiana wanda ba ruwansa da tsawon yini, don su sami mai nuna da wuri. Irin waɗannan, ko kuwa launin da ke fitowa da kansa a yankinmu na Sahel in an tattaro an zaɓa, su ne suka cancanci gwaji a nan.

Sauran wahalhalun na shukar da ba ta gama zama ta gida ba ce. Irin ƙanana ne ƙwarai, dubu guda ba su fi giram uku zuwa huɗu ba, ga gashi a kansu, in an binne da zurfi ba sa fita. Tsiron yana da nawa a makonnin farko, ciyawa na iya danne shi, ga shi lokacin noman hatsi ne, hannu ya yi ƙaranci. Kawunan ba sa nuna tare: na sama ya bushe yana zuba, na ƙasa yana fure. Ko dai a riƙa bi ana tsinka, ko a yarda a yi asarar wani kaso. Ni aikina na ɗakin gwaji ne da wurin matsa. Ranar shuka da tazarar rami magana ce ta malaman gona na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da na Jami'ar André Salifou ta Damagaram, su ya kamata su riƙe wannan ɓangare.

Injin su Inna

A nan ina da abin faɗa daga aikina. Irin bernoniya yana ɗauke da lifas mai ƙarfi, wani sinadari da ke tsinke sarƙoƙin asid daga jikin gilisarin. Muddin iri na nan lafiya, lifas yana gefe, mai yana gefe. Da an farfasa shi sai su haɗu, cikin ɗan lokaci man ya cika da sakakken asid. Shi kuma asid, in ga ruwa ga zafi, shi ke buɗe zoben da saboda shi ake sayen man. Don haka dole a fara turara irin ko a gasa shi don a kashe lifas kafin ya shiga inji, kuma a yi shi da awo, kada a ƙona.

Yanzu ka tuna yadda ake fitar da man gyaɗa a gida: a soya, a niƙa, a zuba ruwan zafi a riƙa juyawa har mai ya taso, a matse tunkuza. Wannan hanya ta dace da gyaɗa, amma ruwan zafin nan shi ne abokin gabar efoksi. Man da ƙungiyoyin mata ke kawo mini in auna, abin da na fi samu a ciki shi ne laima da gari da suka kwanta a gindin jarka, su ne kuma ke sa asid ya hau bayan ƴan makonni. A man gyaɗa wannan ɗanɗano kawai yake ɓatawa, a rage kuɗi a sayar. A man bernoniya kuwa, mai saye zai ɗebi kaɗan ya ɗiga masa asid ɗin haidurobiromik ya ƙidaya zobban da suka rage. In lambar ta faɗi, ya fasa, kuma ba wanda zai karɓa ya yi miya.

Wannan ya kai ni ga abin da ya fi damuna. Man bernoniya ba na ci ba ne. Injin da aka matse shi da shi ba a mayar da shi kan gyaɗa sai an kwance an wanke shi tas, kuma na san ba a cika yin haka ba. Haka nake gaya wa masu matsar zurma da ƴaƴan bedi da bini-da-zugu: inji ɗaya, abinci kawai, wanda ba na ci ba, a nema masa nasa. Sannan ka yi lissafin ƙuliƙuli. Su Inna sun san sau da yawa kuɗin mai uwar kuɗi yake mayarwa, ribar tana cikin ƙuli. Tunkuzar bernoniya tana da furotin wajen kashi 40, amma ba ta shiga bakin mutum, ko dabba ma sai an gyara ta an gwada. (Af, tun da zancen ya zo: irin waɗannan zobba suna samuwa da kansu a cikin man da aka yi ta maimaita tuya da shi har ya yi baƙi ya yi kauri. Yana cikin dalilan da ya sa nake faɗa da masu ƙosai su riƙa canja mai.)

Wa zai saya

Ka ɗauka komai ya tafi daidai, ka sami tan guda na iri. A takarda kilo 400 na mai ne; ƙaramin inji ba zai fitar da duka ba, sai ka ce ɗari uku da wani abu. Masana'antar fenti ba ta canja haɗinta saboda ganga biyu. Tana son ta san za ta samu kowane wata, iri ɗaya, shekara da shekaru. Manomi kuma ba zai shuka ba sai ya ga mai saye. Kowa na jiran kowa, an shekara sittin ke nan tun Harar. A 2006 wani kamfanin Ingila ya sa hannu da hukumomin Habasha kan noma da sayar da man, da alkawarin raba amfani, amma har yau bernoniya ba ta zama hajar da ake ciniki a kasuwar duniya kamar man zurma ba, wanda Indiya ke fitarwa jirgi-jirgi.

Mu a nan mun ga irin wannan. Wajen 2007 zuwa 2010 an yi ta kururuta bini-da-zugu a ƙasashen Sahel, wai man mota ne zai fito daga shinge. Manoma da dama suka shuka, masu sayen suka ɓace. Kuma dattawan garinku sun ga lokacin da SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa na Nijar, ke kwasar gyaɗa, akwai masana'antar matsar mai a Matamaye da Magarya. Gyaɗa ce fa, mai kasuwa a ko'ina, amma da farin shekarun 1970 da cutar da ta kama ta a 1975 suka karya noman, injunan suka rasa abin ci. Matatar SORAZ da ke hanyar Tanut tun 2011 fetur da gazuwal da gas take fitarwa, ba ta da abin yi da man shuka. Akwai masu narka PVC da masu haɗa fenti a Kano, amma na waken soya ne ya riga ya kama kasuwar man efoksi.

Da ni ne kai, ba zan taɓa gonar hatsi ko ta gyaɗa ba saboda wannan. In sha'awar ta kama ka, kuma ban ga laifinta ba, ka nemi iri ta hannun masu bincike, ba daga aljihun baƙo ba, ka tambayi launin da kuma ko yana jiran gajartar yini. Ka shuka ƴan kunyoyi a gefen gona, wasu a jigawa, wasu kusa da fadama, ka rubuta ranar shuka, ranar fure, ranar da kan farko ya bushe, ka auna abin da ka samu da tiya. Tiya ɗaya ta isa a auna yawan man da yawan zobban a ɗakin gwaji. Wannan rubutu naka zai fi amfani ga malaman gona fiye da yadda kake zato, don abin da aka sani game da shukar yawancinsa daga Habasha da Kenya da Zimbabuwe da Arizona ya fito.

Su Inna kuwa, abin da zai ƙara musu kuɗi bana yana kusa: su bar mai ya kwanta, su tace da ƙyalle mai kauri, su tabbata jarka ta bushe kafin a zuba, su ajiye a inuwa. In suna son sabuwar haja, riɗi ya fi kusa da hannu, ana nomansa a yankinku, yana da masu saye, injinsu kuma zai iya da shi.

In baƙon ya dawo da maganar a noma masa, ka ce ya kawo iri, ya faɗi farashin kilo a rubuce kafin shuka, ya bayar da kafin alƙalami, ya kuma faɗi wanda zai ɗauki asara in awon zobba ya faɗi bayan matsa. Ka tambaye shi sunan masana'antar da za ta karɓa da garin da take, sannan ka sa wani ɗan'uwa da ke can ya je ya gani da idonsa.